"Power", "Index" da "Exponent": Asalin Kalmomin Ingilishi na Ninka Lamba da Kanta da Wahalarsu a Ajin Lissafi

Tsakure

Takardar nan ta dubi kalmomin da Ingilishi ke amfani da su wajen karanta rubutu irin 2³ ko xⁿ. Ta bi asalinsu daga Girkanci da Larabci da Latin, ta nuna cewa ba a lokaci ɗaya aka tsara su ba, tarin gado ne da ya zo daga hannu daban-daban, shi ya sa wata kalmar ke ɗauke da ma'ana biyu, wata ma'anar kuma ke da kalma biyu. Daga nan ta nuna inda furucin baki ke kasa ɗaukar abin da rubutu ya fayyace, da yadda hakan ke shafar ɗalibin da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne, kaso mai yawa na kurakuran da muke ɗora wa raunin ɗalibi a wannan babi daga kalmomin da muka ba shi suke fitowa.

Gabatarwa



Rubutun 2³ ba shi da wuyar ganewa. Lamba ce a ƙasa, da wata 'yar ƙarama a samanta ta hannun dama, kuma ma'anarsa ɗaya ce a Zariya da Yamai da Landan: 2 × 2 × 2, wato 8. Rigimar tana tasowa ne idan malami ya buɗe baki zai faɗe shi. Da Ingilishi zai iya cewa "two cubed", ko "two to the power three", ko "two to the power of three", ko "two raised to the third power", ko "two to the third", ko "the third power of two". Duk daidai ne, duk ana jin su. Idan aka tambaye shi sunan wannan 'yar lambar ta sama, littafin da ke hannunsa zai ce "index", bidiyon da ɗalibinsa ya kalla a waya daren jiya zai ce "exponent", shi kuma malamin wataƙila ya saba cewa "power".

Yaron da ya tashi da Ingilishi a gida yakan wuce wannan ba tare da ya lura ba, domin kunnensa ya saba. Namu yaran ba haka ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta ce a koyar da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, sannan a koma Ingilishi. Wannan babi kuwa a ƙaramar sakandare ake shiga shi sosai, lokacin da darasi da littafi da jarrabawa duk sun koma Ingilishi, alhali ɗalibai da yawa ba su gama kama harshen ba. Saboda haka ya kamata mu san waɗannan kalmomi ciki da waje, mu san wacce ce mai tsayayyar ma'ana, wacce ce mai santsi.

Kafin a sami lambar sama

Masana lissafin dauri ba su da wannan 'yar lambar. Kowane mataki sunansa suke kira. Girkawa sun kira lambar da aka ninka da kanta "dunamis", kalmar da a maganarsu ta yau da kullum take nufin ƙarfi ko iko. Ita ce ta zama "potentia" ko "potestas" a Latin, "puissance" a Faransanci, "power" a Ingilishi. A lura cewa a farkonta sunan mataki na biyu ne kawai, ba sunan dukkan matakan ba. Diophantus, wanda ya rayu a Iskandariyya wajajen ƙarni na uku miladiyya, ya ɗora a kan wannan a littafinsa Arithmetica. Mataki na biyu "dunamis", na uku "kubos", na huɗu "dunamodunamis", na biyar "dunamokubos", na shida "kubokubos". Dabararsa ita ce tarawa: biyu da uku biyar, don haka idan aka haɗa sunan na biyu da na uku an sami na biyar.

Malaman Bagadaza sun bi irin wannan hanya da nasu kalmomin. Al-Khawarizmi, a littafinsa na aljabara da ya rubuta wajajen shekara ta 820 zamanin halifa Ma'amun, ya kira abin da ake nema "shai'" ko "jizr", wato abu ko saiwa, ya kira abin da ake samu idan an ninka shi da kansa "mal", wato dukiya, kalmar nan da muka sani a cikin baitulmali. Mataki na uku shi ne "ka'ab", mai tushe ɗaya da sunan Ka'aba. Waɗanda suka biyo baya, irin su al-Karaji wajajen shekara ta 1000, sun yi ta jerawa: "mal mal" na huɗu, "mal ka'ab" na biyar, "ka'ab ka'ab" na shida, haka har inda mutum ya so. A ƙarni na sha biyu al-Samaw'al ya shirya jadawalin matakan, ya tura shi ɓangare biyu, na lambobin da ke ƙaruwa da na ɓarin da ke ƙanƙancewa, ya ajiye ɗaya a tsakiya a gurbin sifili. Wannan jadawali ya kusa ƙwarai da abin da muke koyarwa yau.

Da aka fassara littafin al-Khawarizmi zuwa Latin a ƙasar Sifaniya a ƙarni na sha biyu, Gerard na Cremona ya mayar da "mal" zuwa "census", dukiyar da ake ƙiyastawa. Malaman lissafin 'yan kasuwa a Italiya suka ce "censo", Jamusawa suka ce "zensus", daga nan kalmar ta shiga Ingilishi. A 1557 Robert Recorde, likita ɗan asalin Wales, ya buga The Whetstone of Witte, littafin da aka fi tunawa da shi saboda a cikinsa alamar daidai ta = ta fara bayyana. A wurinsa mataki na huɗu "zenzizenzic" ne, na biyar "sursolid", na shida "zenzicube", na bakwai "second sursolid", na takwas kuma "zenzizenzizenzic".

Ina so a tsaya a kan na shidan nan, domin yana nuna ciwon da ke cikin wannan tsari gaba ɗaya. A wurin Diophantus da malaman Larabci, haɗa sunan mataki na biyu da na uku yana ba da na biyar, domin tarawa suke yi. A wurin Recorde da waɗanda ya gada, haɗa waɗannan sunaye biyu yana ba da na shida, domin ninkawa suke yi, biyu sau uku. Suna iri ɗaya, lamba daban. Idan gindin, wato lambar da ake ninkawa, 2 ne, wani yana nufin 32, wani yana nufin 64. Kuma mai bin tsarin ninkawa dole ya ƙirƙiro sabon suna duk lokacin da ya iso 5 ko 7 ko 11, tunda ba a samun su ta ninka 2 da 3. Daga nan "sursolid" ta fito. Wannan ruɗani tsakanin tara lambobin sama da ninka su shi ne dai wanda muke gani a takardun ɗalibanmu, inda yaro ke rikita x² × x³ da (x²)³. Manyan masana sun shafe ƙarnoni suna fama da shi, don haka bai kamata mu yi mamakin ɗan shekara sha uku ba.

Mafita ta zo ne da aka bar suna aka koma lamba. Nicolas Chuquet, a birnin Lyon na Faransa, ya rubuta littafinsa Triparty a 1484 yana sa lamba a sama, har da sifili da lambobin ƙasa da sifili, sai dai littafin ya zauna a rubutun hannu, ba a buga shi ba sai 1880. Michael Stifel, malamin coci Bajamushe, a Arithmetica Integra na 1544, ya jera 0, 1, 2, 3 a layin sama, 1, 2, 4, 8 a layin ƙasa, ya miƙa layukan baya zuwa −1, −2, −3 a kan ½, ¼, ⅛, kuma ya kira lambobin layin sama "exponens". Daga nan "exponent" ta samo asali. Descartes, a La Géométrie na 1637, shi ya kafa rubutun da muke yi yau na a³ da a⁴, ko da yake mataki na biyu yakan rubuta shi aa. John Wallis a 1656 ya yi bayanin ma'anar lambar sama idan ɓari ce ko tana ƙasa da sifili, Newton kuma ya rubuta su a wurin lambar sama a wasiƙarsa ta 1676 zuwa ga Henry Oldenburg. Kalmar "indices" da wannan ma'ana ana jingina shigarta Ingilishi ga Samuel Jeake, a littafinsa na lissafi da aka buga a 1696.

Tsoffin sunayen duk sun mutu, ban da guda biyu: "squared" da "cubed". Sun tsira ne saboda suna da siffa da ido ke gani, fili mai kusurwa huɗu daidai da kuma akwati mai ɓangarori daidai. Daga mataki na huɗu zuwa sama babu siffa, sai lamba.

Kalma uku a kan abu biyu

A cikin 2³ = 8 akwai abubuwa uku. Na farko, 2, sunansa "base", wato gindi, kuma ba a jayayya a kansa. Saura biyu, wato 3 da 8, su ne kalmomi uku ke rububi.

"Exponent" tsayayya ce, 3 take nufi, ba ta taɓa nufin 8. Ita ce kalmar makarantun Amurka, kuma ita ce ta fi yawa a littattafan jami'a da bidiyoyin intanet. "Index" ma 3 take nufi, kuma ita ce kalmar makarantun Birtaniya da muka gada. Manhajar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, tana kiran babin "Indices", haka littattafan New General Mathematics da yawancinmu muka yi karatu da su. Amma "index" tana da wasu ayyukan: ita ce 'yar lambar da ke kan alamar saiwa, kamar 3 a ∛8, ana kuma kiran lambar da ake rubutawa a ƙasa da ita, kamar 1 a x₁. Jam'inta na Latin ne, shi ya sa ɗalibai da yawa ba su san "index" da "indices" kalma ɗaya ba ce, har wasu kan ɗauki ta biyun a matsayin sunan babi kawai.

"Power" ita ce mai santsin. A tsantsar ma'ana 8 ce: 2, 4, 8, 16 su ne "powers of two". Amma a jimlar "two to the power three", duk mai saurare zai ɗauka 3 ce ake kira "power", kuma malamai da littattafai da yawa haka suke amfani da ita. Ga abin da ke faruwa a aji. Malami ya ce, idan gindi ɗaya ne a wajen ninkawa, "add the powers". Yaron da aka koya masa jiya cewa 4 da 8 "powers" ne na 2, idan aka ba shi 2² × 2³ ya tara 4 da 8 ya kawo 12, ya bi umarnin da aka ba shi ne. Amsar 32 ce, kuma da malamin ya ce "add the indices" da babu ƙofar wannan kuskure. Ra'ayina shi ne a bar "power" ga sakamakon, da kuma jimlar karantawa da ba yadda za a yi da ita, amma duk lokacin da ake faɗin doka a ce "index" ko "exponent". Kuma a gaya wa ɗalibai tun ranar farko cewa waɗannan biyu abu ɗaya ne, ɗaya ta Ingila, ɗaya ta Amurka. Haka za a yi da rubutu irin 3 × 10⁸, wanda littattafanmu ke kira "standard form", Amurkawa kuma "scientific notation".

Ga waɗanda suka zo daga Nijar, akwai tarko na musamman. A Faransanci lambar sama "exposant" ce, ana kuma cewa "deux puissance trois". Kalmar "indice" kuwa a can an fi saninta da lambar da ake rubutawa a ƙasa. Ɗalibin da ya gama sakandare a Maraɗi ya zo jami'a a Katsina ko Sakkwato, idan ya ji "indices" tunaninsa zai tafi ƙasan harafi, malamin kuma sama yake nufi. Manyan lambobi ma haka. Chuquet ɗin nan shi ya yi amfani da kalmomin da suka zama biliyan da tiriliyan, kuma a tsarinsa biliyan miliyan ce sau miliyan, 10¹². Faransanci yana kan wannan tsari a yau, 10⁹ kuma "milliard" ce, wadda Hausar Nijar ke cewa miliyar. Amurka ta ɗauki biliyan a matsayin 10⁹, gwamnatin Birtaniya ta koma wannan tsari a 1974, mu ma shi muke bi. Mai fassara labarin kasafin kuɗi tsakanin Nijeriya da Nijar, idan bai kula ba, zai iya kuskuren ninki dubu.

Abin da baki ba ya iya ɗauka

Rubutun lissafi yana da sama da ƙasa, yana da baka. Magana kuwa layi ɗaya ce, kalma na bin kalma. A nan ne na fi ganin ana asarar maki ba tare da kowa ya gane dalili ba, musamman a ajin da malami ke karanto tambaya ɗalibai na rubutawa saboda littafi bai wadata ba.

A ɗauki "two x squared". Yana iya zama 2x², yana iya zama (2x)². Idan x 3 ne, na farko 18, na biyu 36. Bature yakan raba su da 'yar dakatawa ko ya ƙara "all", ya ce "two x all squared". Yaron da bai san aikin wannan "all" ɗin ba ba zai sa baka ba. Haka "a to the power m plus n": ko n tana sama tare da m, ko ta sauko ƙasa ana tara ta, jimlar ba ta faɗa ba. Haka "minus three squared": −3² a ƙa'idar lissafi −9 ne, domin ana ninkawa kafin a sa alamar ɗebewa, amma (−3)² 9 ne.

Kada a ce wannan matsalar yara ce kawai, domin masu tsara manhajojin kwamfuta ma ba su daidaita a kai ba. Wanda ya rubuta =-3^2 a Excel zai sami 9. Wanda ya rubuta -3**2 a Python zai sami −9. A Excel =2^3^2 yana ba da 64, domin daga hagu yake farawa, a Python kuwa 2**3**2 yana ba da 512, domin daga sama yake saukowa, yadda masana lissafi ke yi. Sannan alamar ^ da ɗalibanmu suka saba da ita a kalkuleta da saƙon waya, a Python wani aiki take yi daban: 2^3 a can 1 yake bayarwa. Duk wanda ke koyar da kwamfuta tare da lissafi ya kamata ya nuna wa ɗalibansa wannan a kan allo, su gani da idonsu, sannan ya dasa musu ɗabi'ar sa baka ko da suna ganin ba a buƙata.

Akwai wani wurin da Ingilishi ya haɗe abin da Hausa ta raba. A Ingilishi "third" tana nufin na uku, tana kuma nufin sulusi. "Fourth" na huɗu ce, kuma rubu'i ce. Don haka "eight to the third" 512 ne, "eight to the one third" kuma 2 ne. Tsakanin 512 da 2 babu abin da ya raba sai 'yar kalmar "one" da ake haɗiyewa a magana. Bahaushe ba zai taɓa rikita "na uku" da "ɗaya bisa uku" ba. A irin wannan wuri malamin da ya juya ya faɗa da Hausa ya fi wanda ya maimaita Ingilishin sau biyar taimaka wa aji. Sai kuma "inverse" da "reciprocal": x⁻¹ yana nufin 1/x, sin²x yana nufin a ninka sin x da kansa, amma sin⁻¹x ba ɗaya bisa sin x ba ne, kusurwar da ta ba da wannan ƙima ake nema. Wannan gado ne na rubutu da ya saɓa wa kansa, kuma gara a faɗa wa ɗalibai haka a fili da a bar su suna neman wata hikima da babu ita.

Game da furuci, kowa ya san yadda muke cewa "raise to power", "x square", "x cube". Hausa ba ta saba tara baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, don haka d ɗin nan takan faɗi. A mafi yawan lokuta ba ta da illa, kuma ba na goyon bayan a ɓata lokacin darasi ana gyaran baki. Wuri ɗaya ne take cizo, shi ne awo.

Murabba'i a fili da ɗaki

"Ten square metres" yana nufin 10 m², ɗan ƙaramin ɗaki. "Ten metres square" yana nufin fili mai mita 10 a kowane ɓangare, wato 100 m². Kalmomi uku ne iri ɗaya, an sauya musu wuri kawai, bambancin ya zama ninki goma. Ga kuma "ten metres squared" da mutane ke faɗa suna nufin na farko, wanda idan d ta faɗi ya koma na biyu.

Dillalin fili bai san sunan wannan babi ba, amma ya san abin da ke ciki. Fuloti mai ƙafa 100 a kowane ɓangare murabba'in ƙafa 10,000 ne. Mai ƙafa 50 da 100 rabinsa ne, 5,000. Mai 50 da 50 kuwa, wanda baƙon harkar zai ɗauka rabi ne tunda hamsin rabin ɗari ce, rubu'i ne, 2,500, kuma dillali zai yanka huɗu daga cikin babban ya nuna maka turakun. Mai sa tayil ma ya san cewa inda tayil ɗaya mai santimita 60 da 60 ya rufe, sai an sa huɗu masu 30 da 30. Ɗalibin da ke rubuta cewa 1 m² daidai yake da 100 cm², maimakon 10,000, a kai shi gaban mai tayil ya ƙirga da hannunsa. Hausa tana da "murabba'i" da ta aro daga Larabci, kuma ta zauna daram: muna jin ta a rediyo idan an ce faɗin Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, na Nijar kuma 1,267,000. Kalma ce da ɗalibi ya riga ya sani, ya kamata mu riƙa ɗora "squared" a kanta.

Idan malami ya juya Hausa

Duk mun san cewa ko me manhaja ta ce, idan malami ya ga idanun yara sun yi fari yakan juya Hausa. Ina ganin wannan daidai ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake faɗa idan an juya. Sau da yawa 2³ yakan zama "biyu sau uku". To, biyu sau uku shida ne, tun firamare yaro ya haddace haka. Wanda ya rubuta 2³ = 6 bayan wannan bayani Hausa ya ji, kuma ya ji ta daidai.

Ingilishin da ake fassarawa shi ma yana da nasa laifin. Littattafai kan ce "two multiplied by itself three times". A 2 × 2 × 2 alamar sau biyu ce kawai, lambobin ne uku. Wanda ya ɗauki 2 ya ninka ta da kanta har sau uku a zahiri zai iso 16. Kuma wannan jimla takan rushe gaba ɗaya idan an zo 2⁰, domin babu hankalin da zai karɓi cewa an ninka lamba da kanta sau sifili aka sami 1. A nan ne malamai kan ce doka ce, a haddace. Ba na ganin ya kamata a haddace abin da ake iya nunawa cikin minti biyu.

Shawarar da nake kawowa ita ce a fara daga 1, a riƙa kallon lambar sama a matsayin hawan bene. Ɗaya tana ƙasa. Kowane hawa ana ninkawa da gindin. Idan gindin 2 ne, hawa ɗaya 2, hawa biyu 4, hawa uku 8. Sai a karanta 2³ a ce "biyu, hawa uku", kalmar "sau" ba ta fito ba balle ta kawo shida. Wanda bai hau ko ɗaya ba yana nan a 1, ga 2⁰ ta fito da kanta. Mai saukowa rabawa yake yi da 2 a kowane hawa: 8, 4, 2, 1, idan ya ci gaba zuwa ƙarƙashin ƙasa ya sami ½, ¼, ⅛, wato 2⁻¹, 2⁻², 2⁻³, kuma yaro zai ga cewa alamar ɗebewa a sama ba ta mayar da amsa ƙasa da sifili, ƙanƙantar da ita kawai take yi. Wannan shi ne jadawalin al-Samaw'al da na Stifel a tsaye. Hawa biyu sannan a ƙara hawa uku, an yi hawa biyar, dokar tara lambobin sama ke nan. A yi hawa biyu-biyu har sau uku, an yi hawa shida, dokar ninka su ke nan, kuma a nan ne kaɗai "sau" ke da gurbi.

Ban kafe a kan "hawa" ba. Malaman harshe da ke cikinmu sun fi ni sanin ko za ta zauna a bakin mutane, ko akwai wadda ta fi ta a cikin kalmomin da aka riga aka tsara don makarantu. Abin da nake roƙo shi ne duk kalmar da za a tsayar a gwada ta da tambayoyi uku masu wuya kafin a sa ta a littafi: me take cewa a kan sifili, me take cewa a kan lambar ƙasa da sifili, me take cewa a kan ɓari. A kan ɓari, "hawa" tana ba da wannan: idan gindin 9 ne, hawa ɗaya yana kai mutum daga 1 zuwa 9, rabin hawa kuwa shi ne lambar da idan aka ninka da ita sau biyu a jere za a iso 9, wato 3, ba 4½ ba. Yara za su fara cewa 4½, domin ido rabin tsawo yake gani. Malamin da zai yi amfani da wannan kalma sai ya shirya wa wannan amsa, ya sa su gwada 4½ × 4½ su ga 20¼ ya fito, sannan su nemo wadda za ta ba da 9.